Ɗiyata tana CE1 amma hadda take yi: in maido ta Damagaram ko in bar ta a makarantar ƙauye?

Uban Ɗiya ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar malamai da iyaye a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun hutun watan Disamba. Shekara biyu ke nan da aiki ya kai ni wani ƙauye a kan hanyar Mirya, na kwashe iyalina daga Damagaram muka tare a can, na sa ɗiyata a makarantar gwamnati ta garin, domin babu wata sai ita. Makarantar tana da ɗaki ɗaya na siminti da azuzuwa biyu na zana, malamai uku ne har da darakta, kuma kowannensu yana riƙe da aji biyu a wuri guda. Yarinyar shekarunta 8, tana CE1, wato aji na uku, suna zaune tare da ƴan CE2, aji na huɗu.

Wani dare ta ɗauko kayenta ta karanta mini darasi da Faransanci tiryan-tiryan, har na fara murna, sai na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na uku na ce ta faɗa mini ita. Ta yi shiru, sannan na ga leɓenta yana motsi, ashe ta koma farkon darasin ne tana biyowa a zuci har ta iso wurin da yatsana yake. Na rubuta mata "baba" a ƙasa, ta kasa. Gwaggonta da ke unguwar Birni ta ce in kawo ta ta riƙe, a sa ta makarantar da kowane aji ke da malaminsa, amma uwar yarinyar ba ta so. Shin laifin ƙaramar makaranta ne, ko kuwa akwai abin da ban gane ba?

Malamar Firamare ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekara 7 ina riƙe da aji biyu a ɗaki guda a wani ƙauye na yankin Magarya kafin a maido ni birni, kuma abin da ka bayyana na gan shi a wurare biyun. Yaro yana zuwa CI, wato aji na farko, ba ya jin kalma ko ɗaya ta Faransanci, malami ya rubuta jimla a babban allo ya karanta, aji duka ya maimaita da ƙarfi sau goma, to yaro mai kaifin kai kamar ɗiyarka cikin kwana biyu ya haddace. Malamin da yake da yara da yawa yana jin amsa tana tashi daidai, sai ya ɗauka an iya, ya wuce gaba. Haddar da ta yi tana nuna cewa ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Abin da ya kuɓuce mata shi ne haɗa baƙi da wasali su ba da gaɓa, wanda aikin CI da CP ne, azuzuwa biyu na farko.

Game da haɗa aji biyu, ba shi ne kansa matsalar ba idan malami ya san hannunsa. Yadda ake yi shi ne a raba babban allo biyu, a ba ƴan CE2 aikin da za su yi shiru a kan ƙananan allunansu, malami ya juya ga ƴan CE1 na ɗan lokaci, sannan a sauya. Har ma akan sami riba, domin ƙanana suna jin darasin manya tun kafin su kai, manya kuma suna sake jin abin da ya wuce su. Inda abin yake lalacewa shi ne idan babu littattafai, domin rabin ajin da aka bari ba su da abin dubawa sai surutu.

Abin da ya fi cin ƙananan makarantu a ganina shi ne lokaci. A takarda ana komawa makaranta a farkon Oktoba, amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an sami kara, wani lokaci sai tsakiyar Nuwamba, kuma da iskar farkon damina ta taso a Mayu ko Yuni sai ta kwashe shi. Ka haɗa da ranakun kasuwa da safiyar hunturu da yara ba sa fitowa sai rana ta ɗaga. Idan yarinyar ta yi CI da CP a cikin zana, to ka lissafa da kanka watanni nawa ta zauna gaban malami a shekara biyun nan.

Shawarata ita ce kada ka ɗauke ta a tsakiyar shekara. Ka ware mata minti 15 kullum bayan magariba, ka fara da gaɓoɓi, ba, bi, bo, ta, ti, to, ka haɗa mata kalmomin da ta sani a bakinta, irin su baba, tabo, bita, domin idan ta karanta ta ji ma'ana ta faɗo mata, a nan ne za ta gane abin da ake nufi da karatu. Sai dai ka kula da haruffan da Hausa da Faransanci suka saɓa a kansu. Harafin c da muke karantawa a "ciki" ba haka yake fita a Faransanci ba, sautin u namu su da haruffa biyu suke rubuta shi, o da u, abin da muke rubutawa sh kuma su c da h suke sawa. Ka bar waɗannan sai ta kama sauran, don kada ka rikita ta da abin da mushe, wato malamin ajinsu, yake koya mata da safe. Kuma ka je ka ga mushen da kanka, cikin mutunci, ba da faɗa ba.

Ɗan Zango ya amsa:

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ni ban yarda a bar yarinyar ba. Malam, na yi irin zamanka, kuma abin da ya sa na maido ɗana birni shi ne malaminsu ɗan kwantiragi ne, duk ƙarshen wata sai ya shigo gari neman kuɗinsa, idan ba su fito ba ya jira, kwana uku su zama mako. Ban zarge shi ba, domin shi ma yana da iyali, amma a makaranta mai malamai uku idan ɗaya ya tafi, azuzuwa biyu ne suka tashi a rana guda.

Sannan ni zanan kanta tsoro take ba ni. Ba mu manta gobarar Yamai ta Afrilun 2021 da ta ci yara kimanin 20 ba, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar wadda aƙalla yara 25 suka rasu a cikinta, Allah ya jiƙansu. Ga shi kuma an maido jarrabawar CFEPD a 2024 bayan shekarun da aka yi ba a yin ta, wato a ƙarshen CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai yaro ya zauna ya rubuta da hannunsa. Shekara uku da rabi suka rage mata, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tunda gwaggonta ce da kanta ta nema, ka kai ta.

Tsohon Darakta ya amsa:

Ɗana, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, kuma ina so ka cire wa ranka cewa ciwon na ƙauye ne kaɗai. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare da isasshen karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma ba a ƙauye kaɗai aka yi awon ba. Na riƙe makaranta a cikin birnin nan inda aji ɗaya ya haura yara 80, huɗu a kan benci guda, sauran a tabarma. Yarinya mai kunya tana iya shekara a irin wannan aji malami bai ji muryarta ita kaɗai ba. A ƙauye kuwa malami ya san ta, ya san ubanta, ya san ƙofar gidansu.

Tushen abin harshe ne, kuma mu mutanen Damagaram mun fi kowa sanin haka, domin a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda yaro yake fara karatu da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa tare da Faransanci, kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka fitar a Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka daban, littafin da ke hannun yaro daban, kuma makarantu da yawa har yau da Faransanci suke tarbar ɗan shekara 6 tun ranar farko. Mu a zamaninmu har abin wuya ake rataya wa wanda aka kama yana Hausa a farfajiya, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Mun iya Faransanci, gaskiya ne, amma ba a ƙidaya waɗanda suka gudu.

Ga wani gwaji da za ka yi mata. Ka ce ta sayo abu na dala bakwai ka ba ta dala ashirin, ka tambaye ta canji. Na tabbata za ta ce dala sha uku ba tare da ta taɓa alli ba. To wannan lissafin ne idan aka rubuta shi 100 a cire 35 da Faransanci yake gagarar ta, domin a kasuwa da dala take ƙidaya, a aji kuma da faran, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata dala ɗaya faran 5 ce, abu ɗaya ake nufi. Ilimin yana nan a kanta, gadar ce ba a gina ba, kuma kai kana iya gina ta a tsakar gidanka kamar yadda Malama ta kwatanta.

Maganar Ɗan Zango a kan gobara gaskiya ce, ban raina ta ba. Ka duba ko ajin yana da ƙofa biyu, ko akwai masu tuya ko murhu kusa da zanan, ka kai maganar gaban kwamitin makaranta.

Uwar Ɗalibai ta amsa:

Malam, ni ina cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ƙauyenmu, kuma ina goyon bayan maiɗakinka. Ban san gwaggon yarinyar ba, Allah ya saka mata da alheri, amma riƙo riƙo ne. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram idan zafi ya shigo, kuma a gida mai yawa ƴar riƙo ce ake tasa da asuba ta bi layin famfo da bidon, ta dawo ta yi wanke-wanke, ta isa aji a makare tana gyangyaɗi. Ba mugunta ba ce, haka zaman yake. Ƴar shekara 8 da ba ta iya karatu ba tana bukatar wanda zai zauna da ita kullum, kuma ban ga wanda zai yi haka kamar ubanta ba.

Mu abin da muka yi, da aka rufe makaranta muka kwance zana da itatuwan muka adana a ɗakin siminti, maimakon a bar wa awaki da ruwan sama, sai ga shi an tsayar da azuzuwa a makon farko na Oktoba ba a jira girbi ba. Kowane gida ya ba da dala ashirin aka sayi alli da fitila mai aiki da hasken rana, manyan ɗalibai na CM2 suna yi wa ƙanana bita a ƙofar gidan maigari dare uku a mako. Kuma duk yarinyar da aka kwana biyu ba a gan ta a aji ba, mu mata muke zuwa wurin uwarta. Kai da kake da ilimin boko, shigarka kwamiti za ta amfani yaran garin duka.

Uban Ɗiya ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba Darakta, na yi gwajin, kafin in rufe baki ta ce dala sha uku, har tana yi mini kallon mai tambayar abin da bai kai a tambaya ba.

Ranar Litinin na je makarantar tun kafin a buga ƙarfen da ke rataye a jikin dogon yaro, mushe ya ba ni izini na zauna a bayan aji har lokacin shan iska. Na ƙidaya yara 46 a azuzuwan biyu, littattafan karatu 9 ne, wasu babu bango, kuma ajin ƙofa ɗaya gare shi, mai ƙosai tana tuya taku kaɗan daga zanan. Mushen bai ɓoye mini komai ba, ya ce fiye da rabin ƴan CE1 haka suke, ya kuma yarda ya maido ɗiyata da wasu biyar layin gaba ya riƙa ba su gaɓoɓi yayin da ƴan CE2 suke rubutu. Darakta ya sa an matsar da mai ƙosai bakin hanya a ranar, ya ce za a huda ƙofa ta biyu ranar Asabar idan na kawo mutum biyu.

Na gaya wa gwaggonta ta yi haƙuri zuwa ƙarshen Yuni. Malam Ɗan Zango, ban watsar da maganarka ba: idan lokacin ya yi na ɗora yatsa a tsakiyar layi ta koma farko, da kaina zan kawo ta Birni kafin Oktoba. Malama, muna kan ma, mi, mo a daren nan, amma tana rikita b da d duk lokacin da na rubuta su kusa da juna, ko akwai dabarar da kuke yi wa wannan a aji?