Walda a Kan Manifol Ɗin Motar Turbo

Abin da na tsinta a hirar masu walda a Kofar Ruwa da ke Kano: ƙarfen zubi ba ya son gaggawa. Manifol ɗin salansa, wato bututun ƙarfen zubi da ke tattara hayaƙin inji zuwa salansa, in ya tsage, a huda ƙarshen tsagar biyu kada ta ci gaba, a gurje bakinta, a gasa ƙarfen ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius. Sandar walda ta nikel ake sawa, ɗinki gajere-gajere, ana bubbugawa da ƙaramar guduma. Sannan a binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali. Ni da na watsa wa nawa ruwa, nan take na ji ƙas! Turbo kuwa, wato na'urar ƙara wa inji iska da ke maƙale a jikin manifol ɗin, a yi masa matokari, don nauyinsa ke sake tsaga wurin.