Tsawar agazari da wutar daji: me kuka gani a wajenku?

Manomin Bomo: Assalamu alaikum jama'ar Zazzau. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani da idonsa a ɗan tsakanin nan, don mu masu amfani a gona hankalinmu ya rabu biyu. Da hantsi rana ta buɗe, zufa har cikin ido, da la'asar gabas ta haɗe, a yi ta cida, wani lokaci a zuba, wani lokaci iska ta watsar. Hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da ake karantawa a rediyo yakan ce akwai yiwuwar tsawa da yamma a wasu sassan jihar Kaduna. To jihar Kaduna ai daga Kudan har Kafanchan ce, wane sashen? Masarata na karya na tara a gona, dawa ba ta isa yanka ba, ga harawar wake a shanye. Ruwa nake tsoro, kuma ciyawar gefen gona ta fara ja, wuta ma ina tsoronta.

Uwar Biyu, Wusasa: Wa alaikumus salam. Mu nan dutsen Kufena muke kallo daga tsakar gida. Ranar Talata bayan la'asar sama ta yi baƙi ƙirin ta bayan dutsen, kaji suka shige akurki da kansu. Iska ce ta fara isowa, mai sanyi, ta kwaso ƙura da ledoji, ta kife min faifan kuɓewar da na shanya a kan katanga. Muna ta guje-gujen kwashe shanya da tara bokitai, walƙiya na tsaga sama, tsawa ɗaya sai da kwanon ɗaki ya amsa. Ƙarshenta ɗigo ne manya-manya da ko ƙura ba su kwantar ba, bokiti ko gindinsa bai jiƙe ba. Da dare kuma zafi ya dawo, yara suka kasa barci. Kakarmu takan ce dutsen ne ke jawo hadari. Malamai, da gaske ne?

Malamin Jogarafi, Samaru: Hajiya, Allah ya ji ƙan magabata, maganarsu da ƙamshin gaskiya, sai dai Kufena ya yi ƙanƙanta da wannan aiki. Tudu mai faɗi da tsawo shi ke tayar da hadari: rana ta gasa shi, iska mai ɗumi da laima ta hau gangarensa, ta yi sanyi a sama, ta zama gajimare. Irin wannan muna da shi a tsaunukan Jos, inda garin kansa ya kai wajen mita 1,200 daga doron teku, mu kuwa Zariya mita 600 da ɗoriya ne. Hadarin da ya haɗu can da rana iskar sama kan turo shi yamma, shi ya sa kusan kullum daga gabas muke ganinsa.

Abin da kika gani ranar Talata kuwa alamar ƙarshen damina ce. Iskar teku mai laima tana ja da baya zuwa kudu a watan Oktoba, busasshiyar iskar Sahara tana matsowa. Hadari ya haɗu a sama, ruwan ya sauko, amma yawancinsa ya ƙafe a hanya kafin ya taɓa ƙasa. Sanyin da ƙafewar ta haifar shi ke faɗowa ya bazu, shi ne iskar da ta kife miki faifai. Zafin kuma don gajimaren Agusta da ke yi mana rumfa ya tafi, hazon hunturu bai iso ba. Bai kai na Maris da Afrilu ba, laimar da ta rage ce ke sa a ji shi a jiki.

Mai Keke, Kwangila: Malam ka faɗi daidai. Ran nan na ɗauko fasinja daga Sabon Gari za mu Samaru. A Kwangila ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna wuce Palladan titi a bushe ƙayau, masu gasa masara na ta fifita. Fasinjan da muka ɗauka can cewa ya yi wanke keken na yi. Abin da ya ba ni tsoro iskar ce: falle ɗaya na kwanon rufi ya taso daga wani shago ya gilma ta gabana. Sannan jama'a a daina fakewa gindin bishiya. Na ga mutane cunkus ƙarƙashin wata darbejiya ana ta tsawa.

Malamin Jogarafi, Samaru: Wannan gargaɗi ne mai kyau. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga, duk daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙarar kilomita 1 ke nan tsakaninku. In dai kana jin tsawa, aradu na iya kai maka. A shiga ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe, a bar fili da bishiya da bakin rafi, kuma a jira kamar minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Keke buɗaɗɗe ne, ba mafaka ba ne, ka yi haƙuri ɗan'uwa.

Baba na Dakace: Yarana, ruwa ko ya jiƙa masara ka sake shanyawa. Wuta fa? Bara a nan gefen kogin Galma na ga abin da har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Maƙwabcina ya yanke dawa, ya ɗaure dammuna, ya tara su tsakiyar gona yana jiran mota. Wasu samari masu neman gafiya suka cinna wuta a bakin rami can cikin gamba. Da azahar ne, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kafin ka ga harshenta ƙarar za ka ji, gamba na fashewa tas-tas, shirwa sun cika sama suna cafke farar da ke tsere wa hayaƙi. Muka karyo rassan darbejiya masu ɗanyen ganye muna bugu, tana tsallake mu, don iska na ɗaukar ɓurɓushin kara mai ci ta jefa gaba. Takalmin robar wani yaro sai da ya narke a ƙafarsa. Abin da ya tsira shi ne dammunan da ke kan fegin da aka riga aka share aka kwashe kara. Sauran toka. Mutumin nan bai ce uffan ba, ya tsuguna yana tona tokar da tsinke.

Tun daga nan, da na yanke abu, sai na sa fartanya na kankare zagayen inda zan tara shi har ƙasa ta fito fes, faɗin taku biyar ko fiye, in kwashe ciyawar in kai nesa. Kuma ba na barin dami ya kwana biyu a daji.

Uwar Biyu, Wusasa: Innalillahi. Baba, aradu ba ta tayar da irin wannan wutar? Na ga a labarai a Amurka haka take faruwa.

Malamin Jogarafi, Samaru: Can a tsaunukan yammacin Amurka tana yi sosai, don tsawar na zuwa lokacin da daji ya bushe. Mu nan lokacin tsawa ciyawa na da sauran ɗanye, lokacin da ta bushe sarai kuma tsawa ta tafi. Wutarmu hannun mutum ce: farauta, guntun taba, ƙona shara, mai shan zuma.

Ɗan Ruga, Shika: Malam na gode da ba ka sa mu a lissafi ba, don kullum mu ake nunawa. Ba zan ce babu makiyayin da ke ƙona daji don sabon toho ba, akwai. Amma in wuta ta cinye kara da harawa a Disamba, shanunmu ne ke kwana da yunwa har Mayu. Iyayenmu in za su ƙona, yanzu suke yi, da sassafe ko gab da magariba, ciyawa na da raɓa, wutar ta ci kaɗan ta mutu da kanta, ta bar fili tsakanin daji da gonaki. Ta Janairu ita ce mai cin bishiya.

Baba na Dakace: Ɗana, gaskiya ka faɗa, amma iyayenku sukan sanar da mai unguwa, a fito da mutane a tsaya a kai. Yanzu kowa da ashanarsa a aljihu. Kuma yanzun da kake faɗa dawata na tsaye a gona, ban yarda a gwada min kusa da ita ba.

Hajiya Mai Hatsi, Giwa: Baba, Allah ya ƙara girma, ni kuma kada a raina ruwan nan. Masu gudun wuta suna ɗura masara a buhu da sauran laima. In na zura hannu tsakiyar buhu na ji ɗumi, na ciji ƙwaya ba ta ce ƙas ba, ba na saye ko an karya kuɗi. Funfunar da ke kama irin wannan masara tana da gubar da ke taɓa hanta, kaji ma kashe su take. A shanya a kan tamfol, ba a ƙasa ba, a ajiye wani tamfol kusa don rufewa, kuma a sa yaro ya riƙa duban gabas daga azahar.

Ɗan Ruga, Shika: Baba, in an yanke dawa zan zo da kaina mu je wurin mai unguwa, a sa rana, a yi shela a masallacin Juma'a. Ku kawo matasanku, mu kawo namu.

Baba na Dakace: To, sai bayan an kwashe waken da ke gefen fadama, shi ke zama na ƙarshe. Kuma a gaya wa masu gafiya su ma su zo, su suka fi kowa sanin inda gamba ta yi kauri.