Wai mi za mu ce ma "cigarette électronique" da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa, ku kama mini wata kalma. Ina fassara labarun lafiya a wata rediyo nan Tawa, shekaranjiya anka miƙo mini takarda da Faransanci kan abin nan da samari ka zuƙa, mai kama da bik, wanda suke ce ma puff ko vape. Na rubuta "sigarin lantarki" kamar kowa, na karanta. Ban kai gida ba sai ga kiran kawuna, wai shi a gaya mishi, sigarin ne ake jona ma kuran na bango? Na yi dariya amma wallahi da gaskiyarshi.

Abin dai ga shi: batir ne da ɗan zaren ƙarfe mai zafi da ɗan tanki na ruwa. Ruwan gilisarin ne da wani sinadari, propylene glycol, da ƙamshin mangwaro ko na'ana'a, galibi da nikotin. Babu ganyen taba, babu ashana, babu toka. Wani mai haɗa magani ɗan Sin, Hon Lik, shi ya fiddo irin na yanzu a 2003. To ina sigari a nan?

Na ga amsoshin da kunka fara bayarwa kan sunan da za mu sa mishi. Mai cewa "shishar aljihu", ƙanena sunan ya yi daɗi, daɗin ma shi ne matsalar, kamar talla muke ma masu saida shi. Hajiya da ta kawo "taba mai tururi", Allah shi ƙara girma, amma tururi a kunnen Bahaushe na tukunyar dambu ne ko na surace, abin da ake yi ma mai mura. In na ce tururi a rediyo na riga na wanke abin tas.

Ni abin da ya sa na nace, na ga yadda suna guda ya rikita labari. A 2019 kafafen labarai sunka ɗauka gaba ɗaya cewa vape na kashe mutane a Amurka, kuma ba ƙarya ba ne, hukumarsu ta yaƙi da cututtuka, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da anka kwantar asibiti, 68 sun rasu zuwa Fabrairun 2020. Amma da bincike ya yi nisa sai anka gano babban mai laifin wani mai ne, vitamin E acetate, da ake sirka ruwan wiwi da shi, akasari na bayan fage. Wannan kashi na biyu bai samu ko rabin kururuwar na farko ba. Can gefe kuma tun 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta ce illar vape ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100, masana na ta gardama kan adadin har yau, amma kafin maganar ta iso bakin mai butik ta koma "ba shi da illa ko kaɗan". Alhali da sigari anka gwada shi, don wanda ya shekara ashirin shina busawa shina son bari, ba don yaron lise da bai taɓa kunna kara ɗaya ba nikotin ya zo ya kama shi da ƙamshin alawa. Duk labarun biyu sun haɗa mazubi da abin da anka zuba suka kira su da suna ɗaya.

Shi ya sa shawarar Malam da ya tuno mana da lofe ta shige ni. Lofe tukunyar taba ce ta tsofaffi, kowa ya san ita fanko ce, abin da ka ɗura shi za ka zuƙa. Sai mu ce lofen batir ga na'urar, ruwan lofe ga abin ɗurawa. Kun ga yanzu ina iya cewa "gurɓataccen ruwan lofe ya kashe mutane" ban yi ƙarya ba ban kuma tsorata mai son barin sigari a banza ba. Masu yarwa in sun ƙare, waɗanda Faransa ta hana a Fabrairun 2025, Birtaniya a Yunin 2025, su zama lofen yarwa.

Saura abin da ka fita daga baki. Ba hayaƙi ba ne tunda babu abin da ya ƙone. Ni hazo na zaɓa. Ɗan Adar ba a yi mishi bayanin hazo, ya san fari ne, ba shi da wuta, kuma in ya kwana uku a gari ƙirji na sanar da kai.

Cikas ɗaya, ɗazu a fada, majalisar samari, na tambayi wani ɗan ƙanwata ko ya san lofe, ya ce wai sunan mota ne? Don haka sati biyu na farko zan riƙa cewa "lofen batir, wato puff" har kunne ya saba. Gobe labarun ƙarfe bakwai zan fara gwadawa, kawu ma na ce mishi ya kunna rediyo.