Neman shawara: karnel na rubutu a shafin da na kulle, firosesa bai ce uffan ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ƙaramin karnel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, na firosesa x86-64 don koyo, ina gwada shi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, kuma wata matsala ta tsaya mini a wuya. Na kai ga fork, kiran da shiri (uwa) ke yi don ya haifi kwafin kansa (ɗa), na bi dabarar nan ta "kwafi sai an rubuta": maimakon a kwafe wa ɗa dukkan memorin uwa, sai su biyun su yi tarayya a shafuka ɗaya, wato gutsattsarin memori, a cire izinin rubutu a teburin shafukan kowannensu, inda firosesa ke duba izinin kowane shafi. Wanda ya fara yunƙurin rubutu, firosesa ya tayar da tuntuɓen shafi (page fault), wato ya dakatar da shi ya kira karnel, karnel ya yanka masa nasa kwafin.

Idan shirin ne da kansa ya yi rubutun, komai lafiya lau. Lambar kuskure 0x7 takan fito, adireshin yana rajistar CR2, inda firosesa ke ajiye adireshin da aka yi tuntuɓe, a yi kwafi, aiki ya ci gaba. Amma idan ɗan ya kira read, wato ya roƙi karnel ya karanto masa bayanai, ya miƙa bafa (wurin da za a zuba su) da ke cikin irin wannan shafi, karnel yakan zuba bayanan ba tare da ko tuntuɓe ɗaya ba, sai kawai uwa ta tsinci abin da ɗanta ya karanta a cikin nata memorin. Na duba da umarnin info mem na QEMU, shafin na karatu ne kaɗai. To ta ina rubutun ya bi? Laifin QEMU ne? Ina tunanin in riƙa duba kowane shafi da hannu kafin karnel ya rubuta a ciki. Me kuka gani?

Memba na farko:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. QEMU ba shi da laifi, abin da firosesa na gaske zai yi ke nan. Duba bit na 16 a rajistar CR0, wanda ake kira WP, wato kariyar rubutu. Muddin yana kashe, duk abin da ke gudana a mataki na 0, matakin da karnel ke aiki, yana iya rubutu a shafin karatu kaɗai, firosesa ba zai hana ba. Kullen da ka sa ya tsaya ne a kan shirin mai amfani. Kuma idan na'ura ta tashi daga farko a kashe yake, sai an kunna shi da gangan. Karanto CR0, ka kunna 1 << 16, ka mayar. Layi uku ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Malam, a kashe yake kuwa. Na kunna. Yanzu tuntuɓen na fitowa da lamba 0x3, sai dai karnel ɗin yana tsayawa cak, domin na tsara duk tuntuɓen da ya fito daga mataki na 0 a ɗauke shi a matsayin karnel ya lalace.

Memba ta biyu:
Wannan ci gaba ne ai. Warware lambar ka gani. Bit na 0 a kunne: shafin yana nan, izini ne ya hana. Bit na 1 a kunne: rubutu aka yi yunƙuri. Bit na 2 a kashe: karnel ne ya taɓa. Bambancin 0x7 da 0x3 shi ne wannan bit na 2 kawai, wato wa ya yi rubutun.

Abin da nake so ka gyara shi ne tambayar da mai tarbar tuntuɓenka, wato sashen karnel da firosesa ke kira idan an yi tuntuɓe, yake fara yi. Yanzu yana tambayar "wa ya yi?", alhali tambayar farko ita ce "adireshin na wane ne, kuma me aka halatta masa a wurin?" Teburin shafuka ba shi ne gaskiyar izinin shiri ba. Abin da ka faɗa wa firosesa ne a wannan lokaci, kuma da gangan kake rage masa don ya kira ka. Gaskiyar izinin dole ta zauna a wani wuri na karnel: jerin yankunan memori na kowane shiri, daga nan zuwa nan, karatu ko rubutu ko gudanarwa. Linux yana ajiye wannan a vm_area_struct. Idan tuntuɓe ya zo, sai ka ɗauki adireshin CR2 ka nemo yankinsa. Yankin ya yarda da rubutu amma teburi ya hana? To shafin tarayya ne, yi kwafi, ko shiri ne ya rubuta ko karnel a madadinsa. Yankin bai yarda ba? Wannan keta haddi ne na gaske.

Ka kula da wannan sosai, don akwai rami a nan. Shafukan lambar shiri, wato umarnan da yake gudanarwa, su ma na karatu kaɗai ne tun asali. Idan mai tarbarka yana kwafe duk shafin da ya gani a kulle ya buɗe shi, to shiri zai iya rubutu a kan lambarsa ba wanda ya ce masa kanzil. Idan ba ka gina jerin yankuna ba tukuna, bit na 9 zuwa 11 a kowane layin teburi firosesa ba ya kallonsu, an bar wa karnel. Ɗauki ɗaya ka yi alamar "wannan na tarayya ne" a lokacin fork, kuma shafukan da dama suke da izinin rubutu kawai za ka yi wa alamar.

Memba na uku:
Ni a ganina shawararsa ta farko ba ta da aibu. Ya duba shafukan bafa da hannu kafin ya rubuta, ya raba na tarayya tun da wuri, ya huta da tuntuɓe a cikin karnel baki ɗaya. Don karnel na koyo ya wadatar.

Memba na farko:
Ɗan uwa, ban yarda da wannan ba, kuma an taɓa bin hanyar. Firosesa 80386 na Intel, na 1985, ba shi da WP, sai a 80486 aka kawo shi. Saboda haka Linux a kan 386 dole ya riƙa wannan dubawa da hannu, kuma an san tana da kafa: tsakanin lokacin da ka duba da lokacin da ka rubuta, wani zaren na shirin, wato wani reshensa da ke gudana a lokaci guda, zai iya canza taswirar memorin. Ka duba ka ga halas, ka rubuta a haram. Linux ya sauke tallafin 386 gaba ɗaya a sigar 3.8.

Kada a raina irin wannan tsere tsakanin zaruruwa. Kafar da aka sani da Dirty COW, wadda aka fallasa a watan Oktoba na 2016, tsere ce a cikin wannan hanya ta kwafi sai an rubuta. Ta shafe kusan shekara tara a Linux, kuma tana ba mai amfani na gama-gari damar rubutu a fayil ɗin da karatu kawai aka yarda masa. Idan ƙwararru sun yi tuntuɓe a nan, gara mai koyo ya saba da barin firosesa ya yi gadin a daidai lokacin rubutun.

Memba na uku:
Na karɓa, idan yana da niyyar saka zare fiye da ɗaya. Amma to ya zai yi idan shiri ya miƙa wa read adireshin banza? Karnel ya faɗi saboda shiri ɗaya?

Memba ta biyu:
A'a, ga yadda ake yi. Ka tattara duk taɓa memorin mai amfani a ayyuka biyu ko uku kacal, irin copy_to_user da copy_from_user na Linux. Da farko su tabbatar adireshin yana ɓangaren mai amfani, ba na karnel ba. Sannan ka ajiye ɗan teburi: ga adireshin umarnin da aka yarda ya yi tuntuɓe, ga inda za a koma idan ya yi. Tuntuɓe ya zo daga mataki na 0 kuma ba a iya warware shi ba, sai mai tarba ya duba RIP, adireshin umarnin da ya yi tuntuɓen, da firosesa ya ajiye. Idan yana cikin teburin, ya sauya shi zuwa wurin komawar, kiran ya dawo wa shiri da EFAULT, lambar kuskuren da ke nufin adireshin ba daidai ba ne. Idan ba ya ciki, to nan ne karnel ya yi kuskure da gaske, ya tsaya ya buga CR2 da RIP da lambar kuskure.

Daga baya ka kunna SMAP, bit na 21 a CR4, bayan ka tambayi firosesa da umarnin CPUID ko akwai shi. Da shi karnel ba zai iya taɓa shafin mai amfani ba sai tsakanin umarnin stac da clac, don haka duk inda ka kauce wa ayyukan kwafin nan zai tona kansa.

Memba na huɗu:
Ba wanda ya ambaci TLB, kuma shi ne zai biyo baya. Firosesa yana riƙe fassarar adireshi da izininta a ɗan ma'ajinsa, wato TLB, ba ya komawa teburi kowane lokaci. A fork, bayan ka cire wa uwa izinin rubutu, tsohon izinin yana nan a TLB. Uwa za ta dawo ta yi rubutu a shafin tarayya ba tuntuɓe, wannan karon ɗa ne zai ga ɓarnar. Abin haushin shi ne ba kullum yake faruwa ba, sai ya ɓace ya dawo. Sake loda CR3, rajistar da ke nuna teburin shafuka, a ƙarshen fork don TLB ya sharu, kuma ka kira invlpg, mai share adireshi ɗaya daga TLB, a kan adireshin bayan kowane kwafi. Ranar da ka kunna firosesa na biyu, sai ka aika masa saƙon ya share nasa shi ma.

Sai ƙidayar masu riƙe da kowane shafi. Idan tuntuɓe ya zo ka tarar saura mutum ɗaya, ba sai ka kwafe baiti 4096 a banza ba, mayar masa da izinin rubutu kawai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sa alama a bit na 9, na sake loda CR3, read ya daina ɓata memorin uwa. Saura abu ɗaya: wani lokaci idan tuntuɓen 0x3 ya zo, na'urar takan daskare, ba saƙo ba komai.

Memba ta biyu:
Duba makullan da read yake riƙe da su a lokacin da yake kwafi. Idan yana riƙe da makullin mai raba memori, ko wani da mai tarba yake buƙata don samo sabon shafi, to mai tarba zai tsaya jiran makullin da ba mai sakinsa sai read ɗin da ya katse. Saki makulli kafin ka taɓa bafar mai amfani. Kuma ka karanta CR2 ka adana tun a farkon mai tarba kafin ka buɗe katsewa, domin wani tuntuɓen zai iya rubutu a kansa. Tayar da QEMU da -d int da -no-reboot, ka duba abin da ya biyo bayan v=0e na ƙarshe, wato alamar tuntuɓen shafi. Idan ba komai, makulli ne. Idan ka ga v=08, tuntuɓe biyu ne a jere, sai ka duba ko sitak ɗin karnel, wurin ajiyarsa na wucin gadi, ya cika. Turo mana layukan mu duba tare.