Shawarwari ga ɗaliban lauya masu aikin taimakon shari'a kyauta

Malamai da lauyoyin da suka tattauna kan ofisoshin taimakon shari'a na jami'o'in Najeriya, irin waɗanda NULAI, ƙungiyar haɗin gwiwar irin waɗannan ofisoshi da aka kafa a 2003, ke ƙarfafawa, sun fi tsayawa a kan masu jiran shari'a, don su ne suka fi yawa a gidajen yari.

Ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali. Nasa shi ne ya saurara, ya rubuta, ya kai wa lauyan da ke kula da shi. Kada ya ce wa kowa "za ka fita", kada kuma ya karɓi ko kuɗin mota.

Wajen hira da wanda ke tsare, a rubuta ranar kamu, caji ofis ɗin, kotun, laifin da ake tuhuma, ranar zama na ƙarshe, da lambar ƙara. Lambar nan aka fi mantawa, kuma in babu ita sai a wuni a ofishin rajistara ana tonon fayil a banza. A duba takardar tsarewa: dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka, wato ACJA ta 2015, ta ba umarnin tsarewa na farko kwana 14, sai an sabunta, amma jihohi na da tasu dokar, a karanta ta. Sau da yawa ma ba kotu ce ta riƙe mutum ba, fayil ne ya maƙale a ma'aikatar shari'a ana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙara. Nan wasiƙar tuni mai sa hannun lauya tana aiki.

Kafin hutu, a miƙa kowane fayil a rubuce ga wanda zai ci gaba.