Neman kalmar Hausa: me za mu kira santé sexuelle?

'Yan uwa, ku taimaka. A Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da Faransanci muke karatun likitanci, amma majinyacin da ya zo daga Tibiri ko Madarunfa da Hausa zai kawo kukansa. Nan ne harshe ke sarƙewa.

Ɗalibin Faransa kalmar da ya karanta a aji ita zai faɗa wa majinyaci. Mu kuwa sai mun yi fassara, ga kunya tsakani. Dattijo sa'an babanka na zaune gabanka, ka ce masa "Baba, ya iyali?", ya ce lafiya lau, alhali ba ita ce tambayarka ba.

Na fara da "lafiyar jima'i". Daidai take, amma tana da nauyi a baki. Ka furta ta gaban uwar yarinya ka ga yadda fuska ke sauyawa. Kuma ma'anar santé sexuelle da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2006 ta wuce kwanciya: ta haɗa jiki da tunani da yarda, ba tare da tilas ba.

"Lafiyar haihuwa" tuni ta tafi ga awon ciki da tazarar haihuwa. Mai ciwon sanyi ko raunin mazakuta ba zai ga kansa ciki ba. "Lafiyar auratayya" kuma ta bar gwauro da bazawara a waje, su ma suna zuwa likita.

Wani abokin karatu ya kawo "ilimin balaga", har na fara murna, sai malamin unguwarmu ya yi dariya: ai wannan sunan fannin fasahar magana ne a Larabci!

Shi malam ɗin ne ya tuna mini cewa kalmomin ba baƙi ba ne. Wanda ya karanta Ahalari da Risala ya san maniyyi, maziyyi, haila da janaba tun yana yaro, kuma a zaure aka biya masa su, ba wanda ya sunkuyar da kai.

Ni dai na tsaya kan "lafiyar saduwa". Dattijuwa za ta gane, saurayi zai gane, ba batsa ciki. Aibinta ɗaya, saduwa na nufin haɗuwa ma, amma a ɗakin duba majinyaci ba wanda zai ɗauka gamuwar kasuwa ake nufi.

Ungozomomi, ku da kuke jin mata kullum, wace kalma suke amfani da ita in sun saki jiki?