Neman kalma kafin 19 ga Yuni: ARN ɗin nan mai kai saƙo, mi za mu ce mashi?

Mushen SVT: Salam ƴan uwa, ku taimaka. An gayyace ni rediyo nan Maradi ranar amosanin jini ta duniya, minti goma aka ba ni in yi bayanin yadda ciwon ke tasowa daga ADN, sinadarin da ke ɗauke da bayanin gado a jiki. A ajin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ƙasa, da Faransanci nike yi ba matsala, amma da Hausa na cije a wuri ukku: transcription, traduction, da ARN messager. Gobe da yamma suke son rubutun.

Ɗan Jibiya: Na farko kwafi, na biyu fassara, na ukku manzo. An gama. Kuma DNA ake cewa ba ADN ba.

Mushen SVT: Mu nan ADN yara suka sani, shi za su rubuta ranar bak.

Malama Ungozoma: Manzo kam a'a. Ka ce manzo a rediyo, hankalin mutane ya tafi wani wuri, sai an yi ta kiran waya ana tambaya wane manzo. Ɗan aike ya fi. Aikinshi ke nan ai, ADN bai fita daga cibiyar tantani, wato ƴan ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi jiki, sai a rubuta saƙon gini guda, wato yanki guda na ADN mai ɗauke da umarni, a kan ARN, sinadari ɗan uwan ADN, shi ya fito ta ƙofofin cibiyar ya kai ma ribozom, masana'antar furotin ta cikin tantani.

Baba Direkta: Ɗan aike na yarda, dama masanan Faransa Jacob da Monod da suka kawo maganar a 1961 abin da suke nufi ke nan. Amma kwafi ba Hausa ba ce, copy ce ta Ingilishi aka sa ma hula. Muna da tamu: juyi. Malamanmu na zaure tun da can juyar littafi suke, a aje na asali a juya shi a sabuwar takarda. Na sha faɗi a nan.

Ɗan Jibiya: Baba ka ce juyi a kasuwa za a ce juyin mulki ko juyin waina. Kowa ya san kwafi, har mai fotokwafi na bakin lisse.

Baba Direkta: Ɗana, fotokwafi ita ce hujjata. Ba hoto ake ɗauka ba. Anzim ɗin, wato sinadarin da ke yin aikin, ARN polimeraz, shina buɗe igiyoyi biyu na ADN ya bi guda harafi harafi, haruffan huɗu ne, A, T, C da G, in ya ga C ya aza G, in ya ga G ya aza C, T ya aza A, in kuwa ya ga A sai ya aza U, don ARN ba shi da T. Bayan nan ma a yanke wasu yankuna a yar, a haɗe sauran kafin saƙon ya fita. Wanne injin fotokwafi ke yin haka? Wannan aikin hannun mai juyi ne.

Ɗalibar Jami'ar Dan Dicko: Baba shina da gaskiya a kimiyyar. Ni dai abin da nike so kar ya ɓace shi ne bambancin matakan biyu. Na farko harshe bai sake ba, haruffa huɗu ne zuwa haruffa huɗu. Na biyu ne aka sake harshe, ribozom na karanta haruffa ukku ukku, kowane ukku na nufin asid amine guda, wato tubalin da ake gina furotin da shi, haɗi 64 ne, 61 na kiran asid amine guda 20 ɗin nan, ukku kuma UAA, UAG da UGA na cewa a tsaya, AUG ke buɗe karatu. Shi ya sa fassara ta zauna daram, kuma ƙaramin ARN ɗin da ke ɗauko asid amine ya daidaita shi da haruffan ni tafinta nike ce mashi.

Ɗan Jibiya: Duk wannan wahala, ku duba abin da masana na Kano suka tsara mana, can ake daidaita Hausa.

Malama Ungozoma: To fa, an fara. Mu Katsinawan Maradi aron Hausa muka yi?

Baba Direkta: Su da suka ce ma tantani ƙwayar halitta, gini ƙwayar halitta, ADN ma ƙwayar halitta? Kullum ka saurari labarai abu ukku suna guda, su za su daidaita mana?

Ɗan Jibiya: Ku kuma kuna cewa lakkwal da mushe kuna zagin kwafi.

Mushen SVT: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Ga abin da na rubuta, ku gyara: a cikin saƙon da ke gina wani sashe na emoglobin, furotin ɗin da ke cikin jan ƙwayar jini, a gurbi na shidda, GAG ne ya kamata, sai harafi guda ya sauya, ɗan aike ya fito da GUG, aka fassara shi asid amine valin maimakon asid gulutamik. Wannan sauyi guda shi ke sa emoglobin ta dunƙule in iskar oksijen ta yi ƙaranci, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wanda ya gado daga uwa da uba duka shi ne SS.

Malama Ungozoma: Ya yi. Ka ƙara da cewa AS lafiyarshi lau amma shina iya gadar ma ɗiya, AS biyu in sun yi aure kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu na SS. Wannan ne masu saurare za su riƙe, ba ribozom ba. Kuma furotin fa? Kar ka ce sinadarin gina jiki, za a ɗauka wake da ƙwai kake nufi, emoglobin jigilar iska take.

Mushen SVT: Furotin zan bari yadda yake. Ɗan aike da fassara an yarda. Na farkon zan ce kwafi, sai in ƙara da wato juyi, sau guda.

Baba Direkta: Juyi, wato kwafi. Ba kwafi wato juyi ba.

Mushen SVT: Baba minti goma ne.

Baba Direkta: Yi yadda ka gani. Ni dai zan kunna rediyo.